Littattafan da Ba a Ajiyewa Ƙasa

Ranar da na fara ganin abin, a kan teburin shugaban ɗakin karatunmu yake, an danne shi da kofin shayi don kada fanka ta ɗauke shi. Wata 'yar farar sitika ce, ba ta cika tafin hannu ba. Makulli na kawo, amma da na ga Oga ya juya baya yana amsa waya sai na zare ta, na ɗaga ta wajen hasken taga. A cikinta akwai wata siririyar waya da aka nannaɗe zagaye-zagaye kamar zanen lallen amarya, a tsakiya kuma wani ɗan baƙin ɗigo kamar ƙwayar riɗi. Ina nan ina kallo har ya gama wayarsa.

Ya ce, "Balki, in kin gama soyayya da ita ki mayar mini. Ita za ta kai ki Yamai."

Tun da na dawo daga wannan tafiya ƙawayena ba su bar ni na huta ba. A gidan biki, a gidan suna, a motar Jega zuwa Aliero, sai wata ta taɓo ni ta ce, "Ke Balki, wai yaya Nijar ɗin nan take?" In fara, a katse ni da wani zance, gobe kuma a sake tambaya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi daga farko, ko da yake shekaru sun ja.

A lokacin jiharmu ba ta gama girma ba, ko'ina gini ake yi. Ina aiki a ɗakin karatu na wata kwaleji a gefen Aliero. Wanda ya samo mini aikin shi ne wan mahaifiyata, Kawu Sahabi, mutumin Kashin Zama, wanda ke riƙe da sashen littattafan Larabci tun kwalejin tana ɗaki biyu. Ya gaya wa Oga cewa ɗiyarsa mai son karatu ce. Bai yi ƙarya ba, sai dai karatun nawa na littattafan soyayya ne da nake haya a kasuwar Jega, in ɓoye a ƙarƙashin mayafi.

Damuwarmu a wurin aiki ita ce ƙidayar littattafai. Duk ƙarshen shekara sai mun sauke su kaf daga kanta, mu duba ɗaya bayan ɗaya, hutu ya ƙare ba mu gama ba, kuma kullum a tarar wasu sun yi ƙafa. Sai wata ƙungiya ta yi alkawarin ba mu na'urorin da ke sauƙaƙa wannan aiki, da sharaɗin a tura ma'aikata biyu su koyo a wata cibiya a Yamai. Hukumar kwaleji kuma ta ce da zarar na'urori sun iso, duk wanda ba shi da takardar shaidar koyon ba zai riƙe sashe ba. Sito za a mayar da shi, inda ake tara karyayyun kujeru.

Oga ba mugu ba ne. Ya kira Kawu gefe ya lallashe shi ya bar yaro ya je, tunda shi ko kwamfuta bai taɓa taɓawa ba. A gabana Kawu ya ce masa, "Littattahan ga ni nar riƙe su tun ɗakin ga bai da ruhi. In sitika za a liƙa musu, hannuna za shi liƙa ta."

Haka aka rubuta sunayenmu mu biyu. Ni in na faɗi, yarinya ce, a sake tura ni. Shi in ya faɗi, shi da littattafansa sun rabu ke nan.

Kafin mu tashi na hau kabu-kabu zuwa Maiyama in yi wa Inna sallama. Ta ɗaure mini dakuwa da soyayyen nama a ƙulli, ta yi ta jan kunnena kamar Makka za ni. Da na ce mata ai tare da yayanta nake, sai ta ce, "Shi nika ji ma tsoro, ba ke ba. Bai iya cin abincin da ba na gida ba."

A tashar Jega muka haɗu da sassafe. Na ci ado da leshina mafi kyau, na fesa turare, domin a littattafan da na karanta duk yarinyar da ta yi tafiya zuwa wata ƙasa tana zaune ne a gefen taga, gyalenta ya faɗi, wani saurayi mai agogon zinariya ya ɗauko mata. Sai ga Kawu da babbar riga da rawaninsa, bayansa ɗan dako ɗauke da buhun albasa.

"Kawu, wannan fa?"

"Tsaraba ta. A je wa mutane gida hannu sake?"

Direban Fijo ya ce but ta cika, aka cusa buhun a ƙarƙashin ƙafafuna. A gefena kuma, maimakon mai agogon zinariya, wata mata ce mai sayar da busasshen kifi, wadda tun kafin mu kai Birnin Kebbi ta ɗora kanta a kafaɗata ta yi barci. Da muka isa Kamba babu wanda zai ce na taɓa sanin turare.

A kan iyaka, ɓangarenmu ba a daɗe ba. Da muka tsallaka wancan ɓangaren sai wani jandarma dogo ya nuna buhun da sandarsa ya tambayi abin da ke ciki. Da Kawu ya gaya masa, sai mutumin ya riƙe ciki yana dariya, ya ƙwala wa abokan aikinsa kira.

"Ku zo ku ga ikon Allah! Ga wanda ya kawo wa Nijar albasa!"

Ashe su ma da albasa suke taƙama. Kawu ya ji haushi. Ya kwance bakin buhun, ya zaɓo guda, ya ce, "Yanka ka ɗanɗana, sannan ka yi dariya." Jandarman ya ciro wuƙa ya yanka ya jefa a baki. Ba a jima ba hawaye suka cika masa ido, abokansa suka koma yi masa dariya. Yana share ido ya buga wa Kawu hatimi, ya ce, "Baba, wuce. Ka ci."

Ni ce na kusa hana mu wucewa. Aka nemi katin allurar rigakafi, na zazzage jaka ban gani ba. Sai na tuna na sa shi alama a cikin littafin da nake karantawa. Dole na ciro littafin a gaban Kawu da jandarmomi, ga hoton budurwa a bango ta rungume fure, ga zuciya da kibiya ta soke ta. Kawu ya ɗaga kai yana kallon rufin rumfa kamar yana ƙirga kwano. Sai da muka koma mota ya ce a hankali, "Shi ma littahi na, ɗiyata. Amma ki aza shi ƙasan jaka, kar shi hau bisa na ƙwarai."

Daga Gaya muka kama hanyar Doso. Taya ta fashe a wani ƙauye, muka zauna gindin bishiya, mata suka kewaye mu da tallar burodi dogo kamar sandar makiyayi. Nan na fara jin Zabarmanci ya fi Hausa yawa. Na koyi kalma ɗaya, fofo, ita ce sannunsu, na yi ta raba ta ga kowa har da wanda ya taka mini ƙafa. Rana ta kusa faɗuwa muka shiga Yamai. Abu biyu suka sa na manta gajiya: raƙuma ɗauke da tabarmi suna tafe a kan gada tsakanin motoci, babu mai yi musu hon, da kuma mata da zane da ɗankwali suna tuƙa babur da kansu.

An sauke mu a gidan wata Hajiya Bazabarma mai ba da hayar ɗakuna. Hausarta a karkace take, amma hannunta a buɗe. Da Kawu ya miƙa mata buhun albasa ta karɓa da hannu biyu, ba ta yi dariya ba, daga ranar ya ce ita kaɗai ce mai hankali a garin. Da safe shayi da dogon burodin nan, kullum Kawu ya dube shi ya ce, "Yau ma sanda za mu ci?" Da rana akwai wani kwaɗon zogale da suke kira kopto, wanda ni na so ƙwarai. Da Hajiya ta lura tsoho yana ramewa sai ta koma tuƙa masa tuwon gero shi kaɗai.

Wata al'adarsu da ta ba mu wuya ita ce barcin rana. Da rana ta take, gari gaba ɗaya sai ya kulle. Ranar farko muna idar da azahar muka koma cibiya kamar yadda muka saba a gida, muka tarar da ƙofa a garƙame. Muka zauna a dakali cikin zafin bazara har kusan la'asar, mai gadi yana leƙo mu daga inuwarsa yana girgiza kai.

Mai koyar da mu sunanta Madam Ramatu, mace gajera mai saurin tafiya da saurin magana, da Faransanci take koyarwa. Wanda ke fassara mana Hausa kuwa Isufu ne, ma'aikacin cibiyar, mutumin Ƙonni. A can maza da mata suna gaisawa da hannu, wasu har da haɗa kumatu. Da Madam ta miƙo wa Kawu hannu sai ya ja da baya ya dafa ƙirji. Ta ɗan tsaya, sannan ita ma ta dafa nata. Tun daga ranar, duk sanda ta matso kusa da teburinsa sai ya ja kujerarsa baya ya ba ta wuri.

Isufu dogo ne, yana da wushirya, kuma yana da agogo. Ban ɓoye muku ba, kafin a tashi darasin farko na riga na raɗa wa 'ya'yanmu suna. Da yamma muna fitowa sai ga wata mata a kan babur da goyo a baya ta tsaya a bakin ƙofa. Isufu ya ce, "Balki, ga uwargida," ya ɗare bayanta, ta ja suka tafi. Wannan littafin a shafin farko ya ƙare.

Aikin da muka je koya ba shi da wuyar faɗi. Kowane mai koyo yana da ɗan tebur na katako, a kai akwai kwamfuta da wani baƙin faranti shimfiɗaɗɗe. Za ka liƙa sitika a cikin bangon littafi, ka ɗora littafin a kan farantin, ka buga lambarsa a kwamfuta, ka danna. Farantin yana magana da sitikar ta iska, irin yadda tashar rediyo ke magana da akwatin rediyo, sai ya rubuta lambar a cikin ɗan baƙin ɗigon nan. Daga nan littafin ya san sunansa. In ranar ƙidaya ta zo ba sai an sauke komai ba, wata sanda mai faɗin kai kamar mafici ake bi da ita gefen kanta, kowane littafi ya amsa daga inda yake.

Doka ɗaya Madam ta yi ta nanatawa: kada a bar littafi mai sitika a kan tebur sai wanda ake rubuta wa, domin farantin ba ya gani, duk sitikar da ta fara amsa masa ita yake rubuta wa. Wanda aka gama da shi a saka a kwalin da ke ƙasa, gefen ƙafa.

Ni aka ba ni rahotannin noma na Faransanci. Kawu kuwa, da yake shi kaɗai ke karanta Larabci ba tare da tuntuɓe ba, aka ba shi littattafan fiƙihu da tafsiri. Ya yi murna kamar ya gamu da 'yan garinsu. Da yatsa ɗaya yake buga lamba, yana kiran kowace da baki kafin ya danna, amma ba ya kuskure.

Sai dai da aka zo gwaji da sanda, littattafan kowa suka amsa daidai ban da nasa. Wasu suka yi shiru kamar ba a taɓa su ba, wasu suka amsa da sunan wani. Madam ta zo ta tsaya a kansa, ya ja kujera baya, ya miƙa hannu ya yi aikin a gabanta. Komai ya tafi daidai. Ta ce to ya ci gaba haka. Tana barin wurin, abu ya sake lalacewa. Aka canza masa faranti, aka canza masa kwamfuta, aka canza sitika. Duk ɗaya. In tana tsaye lafiya lau, in ta tafi sai ɓarna. Wasu daga cikin masu koyo suka fara ƙus-ƙus, wani ma ya ce da Isufu wataƙila tsohon yana da abin da ke kashe na'ura a jikinsa.

Ana jibi jarrabawa, bayan la'asar, na same shi zaune a tsakar gidan Hajiya, tuwonsa a rufe bai taɓa ba.

Ya ce, "Balki, gobe ki raka ni tasha."

"Haba Kawu. Saura kaɗan fa."

"Na ga abin da kowa yag gani. Injin ga na yara na. In tana kallona shina jin kunyarta, in ta tahi shi san tsoho na." Sannan ya ce, "Sito ma wuri na. Sai dai ban san wa za su ba ɗakin ba. Akwai littattahan da bangonsu ya saki, in ba a tallabe su ba zubewa sukai."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Jaruman littattafaina in sun shiga irin wannan hali sukan yi doguwar magana mai sa kuka. Ni dai roƙonsa na yi ya ƙara kwana ɗaya, ko don kada Inna ta ce na dawo da yayanta da yunwa da kunya. Ya yi ɗan murmushi ya jawo kwanon tuwon.

Washegari na bar aikina ina satar kallon nasa. Ya gama da wani littafi, ya ɗauke shi daga faranti, ya juya zai ɗauko na gaba. A daidai lokacin babu komai a kan farantin, amma ga lamba ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfutarsa. Na leƙa kwalinsa na ƙasa, wayam. Na sunkuya na duba ƙarƙashin teburin. Ga littattafan nan da ya gama, jere a kan cinyarsa, ya lulluɓe su da hannun babbar riga, gwiwoyinsa kuma dab da katakon da farantin ke kai.

Na ce, "Kawu, ja kujerarka baya." Ya ja, lambar ta ɓace. "Matso." Ya matso, ta dawo.

Na kira Isufu, ya kira Madam. Ta sa aka maimaita mata, sannan ta dafe goshi. Ashe farantin yana ji ta ƙasa kamar yadda yake ji ta sama, katako ba ya tare shi. Kawu ya bi dokarta, bai bar littafi a kan tebur ba. Amma mutumin da ya tashi a zauren karatu ba ya ajiye littafi mai sunan Allah a ƙasa kusa da takalmi, don haka ya ɗora su a cinya, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Duk lambar da ya buga, sai ta tsallake na kan faranti ta shiga ɗaya daga cikin na cinyarsa. In Madam ta zo ya ja baya don kunya, littattafan su yi nisa, komai ya daidaita. Ni da na san shi tun ina goye ban kawo wannan a raina ba, don nawa rahotannin noma ne, jefa su nake yi a kwali.

Madam ta yi dariyar jin daɗi, ta ce ta bakin Isufu, "To an gama. Malam, ka riƙa sa su a kwali."

Kawu ya ce, "Ba ni iyawa."

Ta ce kwalin mai tsabta ne. Ya ce ƙasa yake. Ta ce to a kawo kujera a ɗora kwalin a kai. Ya ce kujera wurin zaman mutum ce. Ɗakin ƙarami ne, babu kanta, babu wani tebur da ba faranti a kansa. Na ce ni zan riƙe masa, Madam ta ce a jarrabawa kowa da aikinsa. Na ga haƙurinta ya fara ƙarewa. Ta yi magana mai tsawo da sauri, Isufu ya taƙaita: gobe za a ba kowa tarin littattafai, daga safe zuwa kiran azahar, duk wanda bai gama ba ko nasa suka amsa ba daidai ba babu takarda. Malam ya ajiye su inda ya ga dama, in dai ba kusa da teburin ba.

A hanyar gida na ce, "Kawu, na wuni ɗaya ne fa. Allah ya san zuciyarka."

Ya ce, "Shi ya sa."

Da safen jarrabawa ya zazzage jakar tufafinsa ya zo da ita, ya rataye ta a ƙarfen taga, taku kaɗan daga teburinsa. Duk littafin da ya gama sai ya tashi ya kai shi can, ya dawo ya zauna. Kowa yana zaune yana jefawa a kwali, shi yana kai da kawowa. Ina aikina ina jin jan takalminsa.

Bai kai rabi ba muka ji ƙarar yagewa. Littattafan tafsiri manya ne, jakar kuma tsohuwa ce, igiyarta ta fara rabuwa da jiki. Ya yi wuf ya tare ta da ƙirji kafin ta kai ƙasa. Ya tsaya rungume da su a tsakiyar ɗaki, kowa ya ɗago yana kallo. Ga kwali nan a gefen ƙafarsa, babu komai a ciki. Na ce a raina, Kawu saka su, wallahi babu wanda zai ji a Kashin Zama.

Ya kai su kan teburinsa ya ajiye, ya tsayar da aiki. Sannan ya kai hannu kansa ya fara warware rawani.

Tun rasuwar kakanmu aka naɗa masa rawanin nan, ya gaji zauren karatun gidansu. Ni dai ban taɓa ganinsa babu shi ba, kuma ban san wanda ya taɓa gani ba in ba iyalinsa ba. Yana warwarewa tagiyar da ke ciki, wato hularsa, ta biyo shi ta faɗi. Kafin ya ɗauka ya mayar na ga kansa, fari fat da furfura, ƙarami fiye da yadda nake zato. Na sunkuyar da kaina. Ya ninka rawanin biyu, ya ɗaure bakin nan a wannan ƙarfe, wancan a wancan, ya buɗe tsakiyar ta zama kamar ragayar da ake rataye ƙwarya. Ya gwada ƙarfinta da hannu, ya kwashe littattafan ya jera a ciki, ya dawo ya zauna ya ci gaba da buga lamba da yatsansa ɗaya. Babu wanda ya yi dariya. Mutumin da ya ce yana da abin kashe na'ura ma ya janye ƙafarsa daga hanya don tsoho ya riƙa wucewa.

Kowa ya gama ya fita, saura shi. Mai gadi ya zo bakin ƙofa yana kaɗa makullai, Madam ta dubi agogonta ta dubi tarin da ya rage. Na tsaya a waje ina leƙe ta taga. Ya danna na ƙarshe daidai lokacin da ladan ya fara kiran azahar.

Madam ba ta sa ya sauke su ba. Ta ɗauko sandar ta bi jikin rawanin da ita a hankali, Isufu yana karanto abin da ke fitowa, Kawu yana amsawa da kai. Babu littafin da ya yi shiru, babu wanda ya amsa sunan wani. Ta ajiye sandar, ta dafa ƙirji, ta ce da Hausa, wadda ban san tana ji ba, "Malam, sannu da aiki."

Ya ce, "Yawwa, ɗiyata." Sannan ya dubi Isufu. "To a samo mani inda za a aza su, in ɗauki abuna. Ba ni hita titi haka."

Dawowarmu ba ta da labari mai yawa. Hajiya ta cika mana jaka da kilishi. A kan iyaka muka tarar da dogon jandarman nan, ya ce Baba ya tafi da sauran albasar ko ya rage masa. Na'urorinmu kuwa sai da muka gaji da jira kafin su iso. Da suka zo, Kawu ya sa kafinta a Jega ya yi masa wata doguwar kanta siririya, aka kafa ta nesa da tebur, kuma shi da hannunsa ya liƙa wa kowane littafi na sashensa sitika ya rubuta masa lamba. Ƙidayar da ke cinye mana hutu ta koma aikin safiya ɗaya.

A sashen Larabci ya yi ritaya, bai taɓa kwana ɗaya a sito ba. Ya koma Kashin Zama, daga baya idanunsa suka yi duhu, ya ci gaba da ba da karatu a zaure da abin da ke kansa. Duk sanda na kai masa ziyara na tarar da baƙi sai ya ce, "Ga wadda munka tahi Yamai da ita. Balki, ba su labarin jandarma." In ba su, ya yi ta dariya kamar bai taɓa ji ba. In na doshi zancen jarrabawa sai ya yi gyaran murya, in tsaya a nan.

Zuwana na ƙarshe, bayan baƙi sun watse, ya laluba ya kama hannuna.

Ya ce, "Zancen rawanin nan, kin taɓa hwaɗa ma wani?"

Na ce, "Ko Inna ba ta sani ba."

"To ki bar shi sai bayan raina. Sannan ki hwaɗe shi duka, har da tagiya. Kar ki rage komi."

A daminar bara Allah ya karɓi abinsa. Ban rage komai ba, Kawu.